Hunturun Gilasgo da Gwangwanin Shayina

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗan leƙa tagar nan. Takwas na safe ke nan fa, amma gari bai gama wayewa ba. Haka Disamba take a birnin Gilasgo na ƙasar Scotland: rana ba ta fitowa sai wajen 8:45, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk cikin kusan awa uku da rabi ake sallatar su. Babu ladanin unguwa, babu maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. A gida, gari ne ke tsara maka yini ba tare da ka lura ba. A nan kuwa, sai dai ka tsara wa kanka.

Ni dabarata ɗaya ce. Duk sabon abin da nake so ya zame mini jiki, sai in rataya shi a kan abin da ba ya wuce ni. Ga kwalbar bitamin D nan, kun gan ta jingine da gwangwanin ganyen shayi. Hukumar lafiya ta Birtaniya, wato NHS, tana ba da shawarar a riƙa shan maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, mu masu baƙar fata kuwa duk shekara, saboda ranar nan ba ta ishe mu ba. A durowa mantawa zan yi. Shayi kuwa ko ana ha-maza-ha-mata sai na sha.

Kafin buta ta tafasa, shafi ɗaya na Alƙur'ani. Ba izu ba, shafi. Wani zai raina, to amma ai ya zo a hadisi cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Masu ɗaukar alwashin tashi ƙarfe biyar su tafi motsa jiki cikin wannan sanyin, Allah ya ba da sa'a, ni dai ban da ni.

Ina idar da Azahar kuma, ba na yarda in zauna. In na zauna shi ke nan, ɗumin ɗaki ya kama ni. Sai in zura takalmi da rigar ruwa, in yi tattakin minti goma a bakin kogin Kelvin, ko da yayyafi ake.

Gaisuwar Hajiya kuwa a cikin bas nake yin ta, don a hunturu Najeriya na gabanmu da awa ɗaya, yanzu ta gama karin kumallo. Bari in hanzarta kar ta ce na yi nisan kiwo. Sai mun sake haɗuwa.