In masu bincike suka yi sallama suna son auna yaronki

Assalamu alaikum iyaye. Ku dubi katin awon nan da ake ba mai jego a asibiti. Layukan da ke jikinsa ba wani likita ne ya zana su da ka ba. Daga 1997 zuwa 2003 an bi girman yara sama da 8,000 a Ghana, Indiya, Oman, Norway, Brazil da Amurka, kuma da sakamakon ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin girman yara a 2006. Abin da aka gano shi ne, yaron da ya sha nono, ya ƙoshi, ya samu kulawa, kusan girma ɗaya yake yi ko a Accra aka haife shi ko a Oslo. Saboda haka in yaro ya tsumbure, kada a yi saurin cewa gado ne, gidansu duk gajeru ne.

Ni na taɓa yin aikin tattara bayanai a wani binciken girman yara, gida-gida muke bi a Rigasa da Tudun Wada. Kayan aikinmu sikeli, katakon awon tsayi, da ɗan tef mai launi uku. Yaron da bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi: ɗaya ta riƙe kai, ɗaya ta danne gwiwoyi, shi kuwa yana ta tsala ihu. A wani gida kakar yaron ta fito da sauri tana gyara mayafi, ta ce, "Ke 'yar nan, ɗaga mini jika. Da ransa za ki yi masa awon likkafani?" Sai da na ajiye katakon na zauna bakin tabarmarta. Na ce, "Iya, ki riƙe kan da hannunki, ki ga abin da za mu rubuta." Ita ta riƙe, ita ta tambayi adadin, har ta sa aka kira ƙanwarsa ma.

Tef ɗin kuwa damtse ake naɗa wa, ga yaro daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5. In ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ranar za a tura shi asibiti. Awon tsayi kuma shi ne ya nuna, a binciken lafiya na ƙasa na 2018, cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya sun tsumbure.

To me ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari? Suna da dalili, kuma ba na son jin ana kiran abin jahilci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har 2009 da ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, wannan labarin na cikin abin da ake kafa hujja da shi.

Yanzu akwai ƙa'ida. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ɗa'ar binciken lafiya, kuma ba a fara bincike kan mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince, irin waɗanda ke manyan asibitocin koyarwa kamar na Shika da Barau Dikko. Don haka in an yi miki sallama, tambaya ta farko: awo da tambayoyi ne kawai, ko akwai maganin da za a gwada? Waɗannan ba ɗaya ba ne. In gwajin magani ne, sau da yawa ƙuri'a ke raba yara gida biyu, ba likita ke zaɓa ba, kuma dole a gaya miki haka.

A yi miki bayani da Hausa. In ba ki karatu, ki kira wanda kika yarda da shi ya zama shaida kafin ki dangwala, kuma a bar miki takardarki mai lambar wayar da za ki kira. In kin ce sai maigida ya dawo, su jira ko su dawo gobe. In za a ɗebi jini, ki ji ko ɗigo ne daga yatsa ko sirinji, ina za a kai shi, me za a duba. Yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi. Kina iya cewa a'a, kina iya fita a tsakiya, kuma ba wanda zai hana ɗanki rigakafi ko magani saboda haka.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan aikin, ana gama cike takardu sai a tafi, uwa ba ta sake jin komai. Ki tambaye su tun kafin su naɗe tef: nawa ɗana ya auna, kuma yaushe za ku dawo unguwar nan ku gaya mana abin da kuka gano?