Toshewar jijiyoyin jinin ƙafa: abin da bincike ya gano, da inda kulawa ke samun tangarɗa

Idan kitse ya taru a bangon jijiyar da ke kai jini ƙafa, hanya takan ƙuntata. Mutum zai yi tafiya kaɗan, sai sha-raɓa ta ɗaure da ciwo, ya tsaya mintuna biyu ko uku ta sake shi. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2013 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 202 ne ke da wannan cuta a duniya a 2010.

Sai dai yawancin masu ita ba sa zuwa da wannan alamar. A binciken PARTNERS da aka yi a Amurka, wanda ya fito a 2001, an auna kusan mutum 7,000 masu shekaru ko masu ciwon sukari ko shan taba. Kashi 29 cikin ɗari na da cutar, da yawansu kuma likitocinsu ba su sani ba.

Gwajin kuwa ba shi da wuya. Majinyaci zai kwanta a miƙe, ya huta minti biyar zuwa goma. A auna ƙarfin bugun jinin hannayensa biyu da na'urar Doppler, mai sauraren gudun jini a cikin jijiya, a riƙe lamba mafi girma. Sannan a ɗaura abin awo a saman idon sawu, a saurari jijiya biyu: ta saman ƙafa da ta bayan idon sawu. A raba lambar ƙafa mafi girma da ta hannu. Misali, ƙafa 110, hannu 140, sakamako 0.79 ke nan. Daga 0.90 zuwa ƙasa akwai toshewa.

A nan ake yawan kuskure. In an auna mutum yana zaune, lambar ƙafa takan hau, sai a sallame shi a ce lafiyarsa ƙalau. In ta wuce 1.40 ma ba abin murna ba ne, jijiyar ce ta yi tauri har ba ta matsuwa, abin da ake gani ga masu sukari da masu ciwon ƙoda. Irin waɗannan a babban ɗan yatsan ƙafa ake sake auna su.

Ko an gano cutar, aiki bai ƙare ba. Mai toshewar ƙafa yana cikin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, don haka yana buƙatar maganin rage kitse na statin, da maganin hana jini daskarewa, aspirin ko clopidogrel, da barin taba baki ɗaya. Amma bincike ya sha nuna cewa ba a rubuta musu waɗannan magunguna kamar yadda ake yi wa masu ciwon zuciya. Binciken COMPASS na 2017 ya nuna cewa haɗa aspirin da rivaroxaban, wani maganin hana jini daskarewa, miligiram 2.5 sau biyu a rana yana rage yanke ƙafa, amma yana ƙara zubar jini, saboda haka likita ne zai duba wanda ya dace da shi.

Akwai kuma tafiya a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya: minti 30 zuwa 45, sau uku a mako, aƙalla makonni 12. Mutum ya yi tafiya har ciwon ya matsa, ya huta, ya ci gaba.

Idan ciwon ya koma na dare, ko gyambo ya ƙi warkewa, dole a buɗe hanyar jini. Binciken BEST-CLI na 2022 ya nuna cewa wanda ke da lafiyayyar jijiyar da za a ciro daga ƙafarsa ya fi amfana da tiyatar kewaye toshewar fiye da buɗe toshewar ta cikin jijiya. Ƙafar da ta yi sanyi farat ɗaya, ta ɗashe, ta daina ji, ba a kwana da ita a gida: cikin awa huɗu zuwa shida tsoka ke fara mutuwa.