Izinin Ɗaukar Hoton Motoci a Wuraren Baje Koli

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, da 'yan uwa masu sana'ar ɗaukar hoto, ina godiya da wannan dama da kuka ba ni. An nemi in yi bayani a kan wata tambaya da ke yawan tasowa a ƙungiyoyin masu sha'awar tsofaffin motoci a Ingila da sauran ƙasashen Turai, wato ko wanda ya je baje kolin motoci yana da damar ɗaukar hoton motar wani, ya buga a mujallar ƙungiyarsu, ba tare da ya nemi izini ba.

Amsar tana farawa ne daga wurin da mai ɗaukar hoton yake tsaye, titin jama'a ne ko filin wani. A ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba, motocin da aka ƙera kafin shekarar 1905 sukan tashi daga Hyde Park a Landan su nufi garin Brighton, tafiyar kusan mil 60 a kan titin da kowa yake bi. Duk wanda ya tsaya a bakin hanya da kyamararsa, dokar Ingila ba ta hana shi ɗauka ba. Amma bikin motoci na Goodwood, wanda aka fara a 1993, ana yin sa ne a filin gidan wani basarake, Duke na Richmond, da ke West Sussex, kuma filin yana da mai shi. Dubban mutane suna shiga, amma da tikiti suke shiga, tikitin kuwa yana ɗauke da sharuɗɗa. Galibin irin waɗannan taruka sukan bar mutum ya ɗauki hoto don kansa, su kuma nemi a karɓi izini idan za a yi kasuwanci da shi. Mujallar ƙungiya tana tsakiya, domin ba a sayar da ita a kasuwa, amma sau da yawa akwai tallace-tallace a cikinta. Saboda haka ya kamata edita ya rubuta wa masu shirya taron tun kafin ranar, ya ajiye amsarsu.

Shi kuma mai mota, mutane da yawa suna zaton tun da motar tasa ce, hotonta ma nasa ne. Kotun ƙoli ta Faransa ta yi hukunci a kan irin wannan a watan Mayu na 2004, a shari'ar wani tsohon gida da ke birnin Rouen. Ta ce mallakar abu ba ta ba mutum ikon hana kowa amfani da hoton abin, sai dai idan amfanin ya jawo masa cutarwa wadda ta wuce ƙima. Wannan sharaɗi na cutarwa shi nake so mu tsaya a kansa, domin a ganina nan ne ainihin maganar take.

Na taɓa halartar wani ƙaramin baje koli a wani ƙauye a Ingila, na ɗauki hoton wata tsohuwar Jaguar mai launin kore, wadda wani dattijo yake ta gogewa da tsumma tun safe. Sai da na koma masauki na buɗe hoton a kwamfuta, sannan na lura cewa katin da aka jingina a gilashin gaba yana ɗauke da sunansa da sunan ƙauyensu, ga kuma lambar motar ta fito ƙarara. Da an buga hoton haka, an kuma ɗora mujallar a intanet kamar yadda ƙungiyoyi suke yi yanzu, da na nuna wa ɓarayi inda mota mai tsada take kwana. Akwai kuma masu kwafar lambar wani su maƙala a tasu motar, tara ta riƙa zuwa wa wanda bai ji ba bai gani ba. Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, tana iya ɗaukar lambar mota a matsayin bayanin mutum idan za a iya gane shi ta hanyarta. Rufe lambar kafin bugawa ba ya cin minti biyu. Tambayar mai motar kuwa, "Ranka ya daɗe, ko zan ɗauka don mujallarmu?", ta fi wannan sauƙi, kuma yawancinsu da murna za su buɗe maka murfin injin su ba ka tarihin motar.

Fuskokin mutane ma haka ne, musamman yara, waɗanda ba na yarda a buga hotonsu sai da yardar iyaye. A Jamus ma akwai doka tun 1907 da ta hana yaɗa hoton mutum ba da amincewarsa ba, in ban da wasu keɓantattun yanayi kamar taron jama'a.

Saura haƙƙin ku masu ɗauka. A dokar Birtaniya ta 1988, hoto mallakin wanda ya ɗauke shi ne, sai fa idan ma'aikaci ne da ya ɗauka a bakin aikinsa, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Don haka edita ba zai tsinci hoto a Facebook ya buga ba don kawai motar ta ɗan ƙungiya ce. Sai ya nemi mai hoton, ya sami amincewarsa a rubuce, ya sa sunansa a ƙarƙashi. Shugaba, a nan zan dakata domin a yi tambayoyi.