Darasi: Yadda Ake Ɗaura Mojul ɗin Fitar da Wutar DC a Kan PLC, da Yadda Ake Haɗa Wayoyinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ga mu a gaban tebur, kuma abin da ke hannuna shi ne mojul ɗin fitar da wuta na kamfanin Siemens, SM 1222, mai ƙofa takwas, bolt 24 DC. Da shi ake ƙara wa PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa inji, samfurin S7-1200 ƙofofi, wato mafitan da take kunna kayan aiki ta cikinsu, idan nata sun ƙare. Kafin ka saya, duba lambar da ke gefensa: 6ES7222-1BF32-0XB0. Akwai ɗan uwansa mai rile a ciki, wato makunnin da maganaɗisun lantarki ke ja, jikinsu iri ɗaya sak, to kada kama ta ruɗe ka a shago. Namu transista ne a cikinsa, ba ya ƙas-ƙas, ba ya ɗaukar wutar AC ko kaɗan.

Da farko kashe wuta. Ban ce ka danna maɓallin tsayawa ba, sauke bireka, sannan ka ɗora mita ka ga sifili da idonka. Wannan PLC ba a sa mata mojul ko a cire tana da wuta.

To, ɗaurawa ba wuya. Ga dogon ƙarfen da ake jera kaya a kai cikin fanel, mai faɗin milimita 35. Mojul ɗin nan a hannun dama na CPU, wato babban akwatin da shi ne ƙwaƙwalwar PLC, yake zama. Ku matso ku gani: a gefen CPU akwai wani ɗan murfi, na sa bakin sukundireba a ramin da ke samansa, na ɗan banƙara, ya fita. Ajiye shi a aljihun fanel, wata rana za ka neme shi. Na rataya mojul a saman ƙarfen, na ja maƙalin ƙasa, na tura, na mayar da maƙali. Ya zauna. Amma har yanzu bai san da CPU ba. Ga wani ɗan harshe a samansa, ka sa sukundireba ka tura shi hagu har ƙarshe. Wannan harshen ne yake shigar da haƙoran sadarwa cikin CPU. Sau nawa aka kira ni mojul ya mutu, na je na tarar harshen rabi kawai aka tura!

A bar sarari milimita 25 sama da ƙasa don iska ta wuce. A takarda yana jure zafi har digiri 60 idan a kwance aka jera, 50 idan a tsaye. Wanda ya taɓa buɗe fanel a masana'antar Sharaɗa ko Challawa a watan Afrilu da tsakar rana ya san cikin akwatin ƙarfe bai da nisa da wannan. Kada ka ɗora shi dab da inbata, na'urar da ke sarrafa gudun motar lantarki, ko taransifoma.

Abu ɗaya kuma: CPU 1211C ba ta karɓar irin wannan mojul sam, 1212C biyu take ɗauka, 1214C da 1215C har takwas.

Yanzu mu zo inda maganar take. Ina so ku riƙe wannan a ranku: kowace ƙofa a nan ƙaramin makunni ce mai ɗaukar rabin amfiya, 0.5, kuma ba ta da abin da zai kare ta idan kaya ya yi mata yawa. Duk sauran abin da zan yi a darasin nan daga wannan ya fito.

Na ɗaga murfin sama. Taminal na farko an rubuta L+, na biyu M, na uku alamar haɗin ƙasa, wato earth. Sai ƙofofi huɗu, .0 zuwa .3. Sauran huɗun, .4 zuwa .7, suna ƙasa. L+ shi ne fositif na bolt 24, M kuwa negatif. Mojul ɗin ba ya ƙirƙirar wuta, wadda ka ba shi a L+ ita yake rabawa. Idan shirin da ke cikin PLC ya ce a kunna ƙofa ta .0, transista ya buɗe hanya, fositif ya fito ta nan, ya shiga kayan aikinka, ko bawul ne ko fitila, ya fita ta ɗaya ƙafar ya koma M. Wato wannan mojul mai bayar da fositif ne, abin da masu aiki ke kira PNP. Akwai masu janyewa zuwa negatif, NPN, za ka yawaita ganinsu a injunan da suka zo daga Japan da wasu na Sin. Idan injin da ka tarar an tara ƙafafun kayansa a kan fositif, wannan mojul ɗin ba zai yi masa ba sai ka sauya haɗin. Ka bi waya ka gani kafin ka kashe kuɗi.

Daga ina za a ba shi wuta? CPU tana da ɗan mafitar bolt 24 a jikinta, kuma tana jan hankalin mutane saboda ga ta kusa. A 1214C miliamfiya 400 kacal take bayarwa, don sansa aka yi ta. Ko ƙofa ɗaya cike ba ta kai ba, alhali takwas ɗin nan idan suka cika amfiya 4 ne. Don haka na kawo fawa-sulai daban, mai amfiya 5. Abin da mojul yake karɓa daga bolt 20.4 ne zuwa 28.8.

Daga fositif ɗin fawa-sulai ban tafi kai tsaye ba, na bi ta fis. Ga shi, taminal mai fis a ciki. Ni a aikina har kowace ƙofa da wayarta ke fita daga fanel zuwa jikin inji nake sa wa nata ƙaramin fis mai saurin tsinkewa, na rabin amfiya. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce. To, ɓera ya ci waya a ƙarƙashin inji, ko ruwa ya shiga kan bawul, wayoyi biyu suka haɗu: ko fis ya tafi, ko transista ya tafi. Kuma transista idan ya ƙone sau da yawa a kunne yake maƙalewa, sai ka ga bawul ya ƙi rufuwa alhali shirin ya ce kashe. Shi ya sa ma maɓallin tsayawar gaggawa ba a dogara da PLC a kansa. Dole ya yanke wutar kayan da kansa, ta rilen tsaro.

Waya: ina amfani da mai silili, mai kaurin murabba'in milimita 0.75. Na fere kamar milimita 6, na sa mata hula ta ƙarfe, ferul, na matse. Ba na son ganin silili ko ɗaya ya leƙo. Na ɗaure sukuru, ba da ƙarfin tsiya ba, iyakarsa 0.56 ne a Nm, ma'aunin ƙarfin murɗawa, wato da yatsu uku za ka juya. Na ɗan ja, ba ta fito ba. Sa lamba a kan kowace waya tun yanzu, don wanda zai zo gyara bayanka da dare ya yi maka addu'a maimakon tsaki.

Sai M. Nan ne na taɓa shan wahala. A wata masana'antar ruwan leda, mun gama haɗi, fitilar ƙofa tana kamawa kore, bawul ko motsi. Na canza bawul, na zargi mojul, har na fara tunanin mayar da shi. Wajen awa uku. Ashe fawa-sulai biyu ne a fanel ɗin, mojul yana shan na farko, ƙafar bawul ɗin kuma an mayar da ita negatif ɗin na biyu, ba a haɗa negatif ɗin biyu ba. Wuta ta fita ba ta ga hanyar komawa gida ba. Guntuwar waya ɗaya ta warware komai. Saboda haka a haɗa duk M wuri ɗaya. Amma fositif na fawa-sulai biyu kada ka haɗa su, za su yi ta kokawa da juna. Taminal na uku kuma a kai shi sandar ƙasa ta fanel da gajeriyar waya.

Mu yi ɗan lissafi. Wannan bawul ɗin an rubuta wat 8 a jikinsa. Raba 8 da 24, ya ba ka kusan 0.33, ƙofa za ta ɗauka. Wancan babban wat 20 ne, 0.83, ya wuce. Kada ka ce bari in haɗa ƙofa biyu su taru su ɗauka, ba a yarda da haka ba don ƙarin kaya, ɗaya za ta riga ɗaya kamawa. Sa ƙaramin rile a tsakani: ƙofa ta ja rile, rile ya ja bawul ko kontakta, wato babban rilen da ke ɗaukar wuta mai yawa. Haka ma idan kwayil ɗin kontakta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jan sa, na bolt 220 ne. Fitila mai zaren wuta kuwa wat 5 ce iyakarta, domin tana zuƙar wuta da yawa lokacin da take sanyi.

Duk abin da yake da kwayil, idan aka yanke masa wuta yana mayar da duka, bolt ya yi tsalle ta baya. Mojul ɗin yana da ɗan abin tarewa a ciki, amma ga babban kwayil ko wanda ke kunnawa da kashewa ba hutu, ƙara dayod. Ga 1N4001, ɗan baƙin nan mai zobe fari. A kan ƙafafun kwayil ake gicciya shi, zoben ya kalli wayar da ta fito daga ƙofa, wato fositif. Na maimaita: zobe wajen fositif. Ka juya shi, ka yi wa ƙofarka gajeren haɗi da hannunka. Dayod yana sa bawul ɗan jinkirin saki, inda ake son sauri ana ƙara masa wani nau'in dayod da ake kira zena. Wayoyin nan kuma kada su kwanta a kwata ɗaya da na motar lantarki ko na inbata, kuma marar garkuwar ƙarfe, wato shield, kada tsawonta ya wuce mita 150.

Kafin wuta, na juya mita zuwa gwajin da take kuka idan wayoyi biyu sun haɗe, na ɗora ta tsakanin L+ da M. Ba ta yi kuka ba, madalla. Na ɗaga bireka. Bolt 24.1. Fitilar DIAG, mai nuna halin da mojul yake ciki, tana ƙyafta kore, ma'ana bai samu saiti ba tukuna. A TIA Portal, manhajar Siemens da ake saita PLC da ita a kwamfuta, na ja mojul ɗin na ajiye a gurbi na 2, adireshinsa ya fara daga Q8.0, na tura cikin PLC. Ta tsaya kore cak. Ku duba saitin abin da ƙofofi za su yi idan CPU ta tsaya, a bar shi a sifili sai da dalili.

Na cire fis ɗin sauran ƙofofin, na bar na .0 kaɗai, kuma na tabbatar ba hannun kowa a cikin inji. Na kunna Q8.0, wato ƙofa ta .0, daga teburin gwaji na cikin TIA Portal. Kun ji? Ƙas, bawul ya kama. Mita tsakanin .0 da M, 23.9. Na kashe, ta sauka. Miƙo min fis na biyu, mu je .1.