Ƙwallo ya ƙi zagaye zobe: lissafin ƙera ƙaramin rola kosta

Malama: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda muka taɓo maganar ƙera ƙananan rola kosta, wato samfurin jirgin wasan nan mai gudu a kan dogo yana hawa da gangara, saƙonni suka hana mu sakat, kuma kusan duk kukan ɗaya ne: "Na yi lissafi daidai, amma ƙwallon ya ƙi zagaye zoben," wato inda hanyar ke naɗewa ta hau sama ta juyo a kife. Injiniya, Auta, sannunku.

Auta: Yawwa Malama. Ni dai na ce a ƙara wa gangaren tsawo kawai, kowa ya huta.

Injiniya: Ba ka yi ƙarya ba, amma a ƙara nawa? Abin da kowa ya haddace shi ne biyu da rabi: tsawon wurin da ka saki abin ya zama ninki 2.5 na rabin faɗin zoben. Zobe mai rabin faɗi santimita 10, sai a ce ka saki daga santimita 25. To wannan lissafin abin da ke sulɓewa ne babu gogayya ko kaɗan. Ƙwallo kuwa mirginawa yake yi, kuma kashi 2 cikin 7 na ƙarfin tafiyarsa a juyawa yake tafiya. Nan take 2.5 ya koma 2.7.

Malama: Wato santimita 27.

Injiniya: Idan a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya yake gudu ke nan. Amma yawancin masu ƙerawa a kan waya biyu suke ɗora shi, kamar layin dogo. A nan ne ake shan mamaki. Ɗauki ƙwallo mai kauri milimita 16. In tazarar wayoyin milimita 10 ce, kana bukatar wajen ninki 2.8. Ka buɗa su zuwa milimita 14 don kada ya faɗo, sai ya nutse tsakaninsu, ya riƙa juyawa da yawa yana tafiya kaɗan, bukatar ta haura 3.3. Kuma har yanzu fa ba mu cire asarar gogayya ba.

Auta: Kai! Mutum yana ganin gyara ya yi, ashe ɓarna ya ƙara.

Injiniya: Shi ya sa nake cewa kafin ka lanƙwasa zobe ko ɗaya, ka auna asarar hanyarka. Ka yi hanya mai gangara ta sake hawa, tsawonta mita 2, da irin kayan da za ka yi aikin da su. Ka saki ƙwallon daga santimita 50, ka sa alama inda ya tsaya a ɗaya ɓangaren. A ce ya kai 40. Ka yi asarar santimita 10 a mita 2, wato 5 a kowace mita. Ka maimaita sau biyar ka ɗauki matsakaici. Daga nan duk tudun da za ka sa, ka san rufin da ba zai wuce ba: tudun da ke mita 4 daga farko dole ya gaza na farkon da fiye da santimita 20. Ni wannan awon na fi yarda da shi a kan kowane lissafin littafi.

Malama: To me ya sa asarar ta fi yi wa ƙaramin samfuri illa fiye da na gaske?

Injiniya: Nauyi ne. In ka rage girma sau 25, nauyi yana raguwa sau 25 sau 25 sau 25, wato 15,625. Amma cijewar boris da ƙurar da ke kan hanya ba sa raguwa haka. Shi ya sa masu yin na tarago suke cusa darma ko ƙananan ƙarafa a cikinsa, ƙasa-ƙasa kusa da tayoyi. Kuma kada a cika wa ƙaramin boris giris mai kauri, riƙe shi zai yi, ɗigon mai marar kauri ya isa. Na ƙwallo kuma, na ƙarfe mai milimita 16 ya kai kusan giram 17, na gilashi bai wuce 5 da ɗan wani abu ba, to na ƙarfen ya fi jure 'yan kurakuran hanya.

Auta: Akwai wanda ya rubuto yana cewa nasa gudu yake kamar an koro shi, sam ba ya kama da na gaske a bidiyo.

Injiniya: Ba laifinsa ba ne. Gangaren mita 40 yana ba da gudun mita 28 a daƙiƙa, kusan kilomita 100 a awa. Samfurinsa na 1 bisa 25 mita 1.6 ne, gudunsa mita 5.6 a daƙiƙa. Ka ga girma ya ragu sau 25, gudu ya ragu sau 5 kacal. Tafiyar daƙiƙa 100 sai ta ƙare a 20. Ya ɗauki bidiyon ya rage saurinsa sau 5, zai ga ya yi kama. Abin sha'awa kuma, dannawar da fasinja ke ji a kwana ba ta canzawa, domin gudu sau gudu a raba da rabin faɗin kwana, amsa ɗaya ce a babba da ƙarami.

Auta: Tsaya, tsaya. Wato in na ɗora tururuwa a ciki, abin da mutum ke ji ita ma shi za ta ji?

Injiniya: Ninkin nauyinta, e.

Auta: To sai a yi mata bel.

Malama: Ƙafa shida gare ta, wane bel kuma?

Auta: Ai biyu za ta ɗaga sama tana ihu, huɗu su riƙe kujera.

Malama: Ka fara tambayarta ko ta yarda? Ko tikiti ba ta saya ba.

Auta: Su da ba sa tafiya ɗaiɗai? Ka ɗauki ɗaya, dangi duk sun yi layi. Ka ga ma an huta da neman darma.

Injiniya: Tururuwa nawa za ka tara kafin su kai giram 50?

Auta: Sai a nemo gwano, sun fi jiki.

Malama: Gwano in ya cije ka a saman zobe kai za ka fara sauka. Don Allah mu koma, Injiniya, siffar zoben.

Injiniya: Yawwa. Kada a yi shi da'ira sak. A da'ira, in tarago ya shigo da gudun da zai ishe shi ya wuce sama da ƙyar, a ƙasa yana danna hanya da ninki 6 na nauyinsa, kuma farat ɗaya, daga miƙaƙƙiyar hanya zuwa lanƙwasa. Rola kostar Flip Flap Railway da aka buɗe a Coney Island ta Amurka a 1895 da'ira ce, kuma ta yi ƙaurin suna wajen sa wa mutane ciwon wuya. Werner Stengel, injiniya Bajamushe, shi ya kawo siffar ɗigon ruwa a kife, mai buɗaɗɗiyar lanƙwasa a ƙasa, matsattsiya a sama, a rola kostar Revolution ta wurin wasa na Magic Mountain a Amurka a 1976. Lanƙwasar tana ƙaruwa a hankali gwargwadon tafiya, irin wadda ake yi wa kwanar layin dogo, daga lissafin masanin lissafi Leonhard Euler. A samfuri riba biyu ce: sama matsattse ba ya bukatar gudu mai yawa, ƙasa kuma babu wannan dukan da ke cinye ƙarfi. Ka zana shi a kwali da girmansa, ka yanke, ka lanƙwasa wayoyin biyu a jikinsa. In ka yi da ido, ɗaya za ta fi ɗaya.

Malama: Kwana fa? Wasu sun ce a nan ƙwallon ke tashi.

Injiniya: Karkatarwa ce ba ta isa ba. Gudu mita 2 a daƙiƙa, kwana mai rabin faɗi santimita 40: 2 sau 2 huɗu, a raba da 0.4 goma, a raba da 9.8 na ƙarfin jan ƙasa kusan ɗaya. Ɗaya kuwa karkatarwar digiri 45 ke nan. Mutane suna karkatar da digiri 15 su ce ya yi. Kuma a fara karkatarwar tun kafin a shiga kwanar. Mai tarago ya sa tayoyi kashi uku: na sama, na gefe, da na ƙarƙashi masu hana tashi, waɗanda John Miller, mai ƙera rola kosta, ya yi wa rajista a 1919.

Auta: Saura ginshiƙai, ni nan na fi so. A zuba gam ko'ina.

Injiniya: Gam ba ya hana rawa, alwatika ke hanawa. Taragon giram 200 a gindin zobe yana dannawa kamar kilo 1.2. In hanyar ta lotsa ko ta girgiza, ƙarfin da zai kai shi sama ne ya tafi a girgizar. Ka ɗora yatsa a ginshiƙi lokacin da yake wucewa, in ka ji motsi, nan ake maka sata. Murabba'i yana karkacewa, ka gitta masa sanda daga kusurwa zuwa kusurwa ya tsaya cak. Siririn ginshiƙi kuma in ka ninka tsawonsa, nauyin da zai ɗauka kafin ya tanƙware kashi ɗaya cikin huɗu ya rage. Ka tokare shi a tsakiya, ka dawo da ƙarfin. Wannan ma lissafin Euler ne.

Auta: Bawan Allahn nan bai bar wa kowa komai ba.

Injiniya: Sannan a matso da ginshiƙai a gindin gangare da kwana, kamar kowane santimita 10, a miƙe kuma 20 ta isa. A ɗaure komai a falanki ɗaya mai kauri da sukuru. Mahaɗar waya kuma a goge ta da sanfefa har farce ya wuce bai maƙale ba, domin ɗan tudun rabin milimita...

Malama: Injiniya, lokaci ya cinye mu, ga sarƙar hawa da birki ko taɓa su ba mu yi ba.

Injiniya: Birkin minti ɗaya ne, maganaɗisu da farantin alminiyom...

Malama: Sai shiri na gaba. Ku auna asararku ku turo mana lambar.

Auta: Da adadin tururuwan da suka sauka lafiya.

Malama: Auta! Mu kwana nan, sai an jima.