Shugaban ƙasar da ya zauna a gefen titi, waye Alain Berset?

Jama'a assalamu alaikum. Na san da yawanku kun taɓa cin karo da hoton nan a Facebook ko WhatsApp, wani bature mai sanƙo cikin kwat ya zauna a bakin titi yana duba takardu, an rubuta wai shugaban ƙasa ne. To ba haɗi bane, da gaske ne. A New York aka ɗauka a watan Satumbar 2018 lokacin babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, mutumin kuma Alain Berset ne na Suwizalan.

Kowa cewa yake kai wannan akwai sauƙin kai, eh akwai, amma tsarin ƙasar tasu ma baya barin mutum ya kumbura. Mutum 7 ne ke riƙe da gwamnati tare, kowa da ma'aikatarsa, 'yan majalisa 246 ne ke zaɓensu ba talakawa kai tsaye ba, shugabancin kuma karɓa-karɓa ake yi, shekara ɗaya tak sai ka miƙa wa na gaba, ko a shekarar ma ba za ka iya korar kowa a cikinsu ba.

Berset ɗan Fribourg ne, an haife shi a 1972, ɗan jam'iyyar gurguzu ta SP, yana da digirin dakta a tattalin arziki. Yana ɗan shekara 31 ya zama sanata a 2003, a Disambar 2011 kuma aka zaɓe shi ya shiga cikin mutum 7 ɗin nan, ya gaji kujerar Micheline Calmy-Rey. Aka bashi ma'aikatar cikin gida, kar ku ɗauka 'yan sanda da gidan yari ne fa, a can lafiya da fansho da al'adu take riƙewa, kuma shekara 12 cur ya yi a wannan kujerar.

Fansho ne ya fi bashi wahala. A 2017 ya kawo gyara, aka kai ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka watsa masa ƙasa a ido. A 2022 aka dawo da wani wanda zai ɗaga shekarun ritayar mata daga 64 zuwa 65, jam'iyyarsa ta ce ba ta yarda ba, amma shi dole ya fito ya kare, don dokar wasan ita ce duk abin da su bakwai ɗin suka tsayar naka ne ko da a ɗaki ka ƙi. Da ƙyar ya wuce.

Sai korona ta zo, kusan kullum yana talabijin, wasu na yabo wasu na tsine masa saboda kulle. A 2022 kuma ya tuƙa ƙaramin jirgi da kansa ya kutsa sararin da Faransa ta hana shiga, sai da jiragen yaƙi suka taso suka sauke shi, minista guda fa! Daga baya rigimar tsegunta bayanan korona ga 'yan jarida ta taso a kan mai magana da yawunsa.

A 2023, yana shugaban ƙasa karo na biyu, ya ce ya isa haka, ƙarshen shekara ya sauka Beat Jans ya karɓi gurbinsa. A Satumbar 2024 ya kama aiki a Strasbourg a matsayin babban sakataren Majalisar Turai (Council of Europe) mai ƙasashe 46, wadda ba ita ce Tarayyar Turai ba, don Suwizalan ba ta cikin Tarayyar.