Abin da Kanel na Linux Yake Yi Idan RAM Ta Kusa Ƙarewa

Kanel shi ne ɓangaren babbar manhajar kwamfuta da ke tsaye tsakanin na'ura da sauran manhajoji, kuma shi ke raba musu RAM, ma'adanar nan mai sauri da ake ajiye duk abin da ake aiki da shi a yanzu. A wannan bidiyo za mu duba kanel na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991, mu ga matakan da yake bi idan wannan ma'adana ta fara ƙaranci.

Kanel yana yanka RAM gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiranta shafi, kuma a yawancin kwamfutoci girman shafi kilobait 4 ne. Idan manhaja ta nemi wuri, Linux yakan amsa mata da cewa an ba ta, alhali bai ware mata shafi ko ɗaya ba tukuna, sai ranar da ta zo rubuta wani abu a ciki. Saboda haka jimillar abin da ya yi alkawari takan zarce abin da yake da shi, kamar yadda banki ke ba da rance daga kuɗin ajiya bisa yaƙinin cewa masu ajiyar ba za su zo cirewa a rana ɗaya ba. Dabarar tana da amfani, domin manhajoji da yawa suna neman fiye da bukatarsu, amma daga nan ne matsalar da za mu gani a gaba take samo asali.

Ku lura kuma cewa cikar RAM ita kaɗai ba abin tsoro ba ce. Linux da gangan yake cika wurin da ba kowa da kwafin fayilolin da aka karanta daga faifai, domin idan an sake nemansu a same su nan take.

Kanel yana da ma'auni uku na shafukan da suka rage: na sama, na tsakiya da na ƙasa. Da zarar adadin ya sauka ƙasa da na tsakiya, sai a tayar da wani ma'aikaci na cikin kanel mai suna kswapd, ya shiga ƙwato shafuka ba tare da ya tsayar da kowa ba, har adadin ya koma ma'aunin sama. Shafin da yake kwafin fayil ne kuma ba a canza shi ba, zubar da shi kawai ake yi, tunda asalinsa na nan a faifai. Wanda aka canza, sai an rubuta shi a faifai kafin a sake shi. Shafin da ke ɗauke da bayanan manhaja na kanta kuwa ba shi da gida a faifai, don haka ake kai shi wani keɓaɓɓen wuri da aka ware a faifan, wanda ake kira swap. Wajen zaɓe, kanel yana fara taɓa shafukan da aka daɗe ba a waiwaye su ba. Idan duk da haka adadin ya kai ma'aunin ƙasa, to manhajar da ta nemi wuri ita za a tsayar, ta yi aikin ƙwaton da kanta kafin ta ci gaba, kuma a nan ne mai amfani da na'ura yake fara jin ta yi nauyi.

Mataki na gaba shi ne mafi muni, kodayake ba shi aka fi magana a kansa ba. Idan shafukan da manhajoji ke bukata a lokaci guda sun fi ƙarfin RAM, kanel zai fitar da shafi, bayan ɗan lokaci kaɗan a sake nemansa, ya dawo da shi ta hanyar fitar da wani da shi ma ake gab da nema. Karatu daga RAM ana auna shi da kaso ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, na faifai mai juyawa kuwa da kaso ɗaya cikin dubu, don haka na'urar takan ƙare tana jigilar shafuka maimakon aiki. Allo ya daskare, linzami ya ƙi motsi, wani lokaci na mintuna masu yawa. Abin takaicin shi ne, a lissafin kanel babu abin da ya lalace, domin duk lokacin da ya nemi shafi yana samun wanda zai ƙwato. Cire swap ma ba ya magance wannan, saboda kanel zai koma zubar da shafukan da ke ɗauke da umarnin manhajojin kansu, yana sake karanto su daga faifai.

Sai ƙwato ya gagara gaba ɗaya sannan kanel yake kiran makaminsa na ƙarshe, OOM killer, wato mai kashe manhaja idan ma'adana ta ƙare. Yana ba kowace manhaja maki gwargwadon yawan ma'adanar da ta riƙe, ya aika wa mai maki mafi yawa siginar kisa ta SIGKILL, wadda ba a iya ƙin amsawa, ba kuma a ba ta damar adana aikinta. A kan sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, manhajar da ta fi cin RAM sau da yawa ita ce ta rumbun bayanai, wato ainihin abin da aka sayi na'urar dominsa. Shi ya sa aka ba mai kula da na'ura damar gyara makin ta hanyar oom_score_adj, daga -1000 zuwa 1000, inda -1000 ke nufin kada a taɓa wannan manhaja ko kaɗan.

A ganina aibin wannan makami shi ne jinkirinsa. Gyaran da ya fi tasiri ya zo ne a 2018, cikin Linux 4.20, lokacin da injiniyoyin Facebook suka shigar da ma'aunin PSI, wanda ke auna yawan lokacin da manhajoji suka ɓata suna jiran ma'adana. Da wannan ma'auni, wani mai gadi da ke wajen kanel, irin su systemd-oomd, zai iya yanke hukunci tun kafin na'ura ta daskare. Akwai kuma zram, wanda ke matse shafuka ya ajiye su cikin RAM ɗin kanta maimakon faifai, kuma Fedora, wani nau'in Linux, ta mayar da shi tsarinta na asali a 2020.

Wayoyin Android, waɗanda su ma kanel na Linux ke tafiyar da su, suna amfani da zram tare da nasu mai gadin da ake kira lmkd. Shi lmkd yana bin jerin muhimmanci ne: yana fara rufe manhajojin da aka bari a baya ba a duba su ba, manhajar da ke kan allo kuwa tana cikin na ƙarshe da zai taɓa. Wannan ne dalilin da ya sa a wayar da ke da RAM gigabait 2, idan kuka bar WhatsApp kuka buɗe kyamara da burauza, kuna dawowa sai ku tarar yana buɗewa daga farko.